Rantsuwar Shafi'u

Shekara biyu Shafi'u yana bin majalisun Kebbe yana cewa gwaggonsa Nasiha ta ruɗe. Gaskiya ta fara mantuwa, takan zuba wa miya gishiri sau biyu. Amma ba ta manta da yayanta Jumare, uban Shafi'un, ba. Da gigin tsufa ya kama shi, ɗan nan ya kulle shi a ɗaki, ya riƙa kama masa yatsa yana dangwalawa a takarda har shanu da gonaki suka ƙare. Ta tsani yaron, kuma ta san yanzu fadamarta ta albasa yake hari.

Sai ya samo mai saye daga Tambuwal. Mutumin ya ji jita-jitar, ya ce ba zai saya ba sai an tabbatar a gaban alƙali cewa tsohuwa na cikin hankalinta. Nan da nan Shafi'u ya zama ɗan albarka, har da tsarabar goro.

"Gwaggo, hannu kawai za ki sa, ki huta da noma."

"To ɗana, mu tai," in ji ta.

A kotu alƙali ya dubi Shafi'u. "An ce kai ka faɗin ta ruɗe."

"Allah shi gafarta malam, ƙarya aka yi min! Wallahi hankalinta ya ɗara nawa."

Aka rubuta, ya sa hannu har yana murmushi. Sannan Nasiha ta gyara lulluɓi.

"Allah shi gafarta malam, tunda ya rantse, a rubuta tawa. Ban saisuwa. Fadamag ga na ba ɗiyata Mu'minatu kyauta, ta amshe ta yau gaban shaidu. Ran da kaina yaj juye, ita nika son kotu ta ɗora bisa lamarina, cina da maganina. Wanga kau, ko tabarmata kash shi taɓa."

Shafi'u ya miƙe zumbur. "Wallahi ba ta cikin..." Sai ya dubi takardar da ya sa wa hannu, ya koma ya zauna kamar jiƙaƙƙen kaza. Nasiha ta kafa masa ido, daɗi ya cika ta har wuya.

Damina biyu bayan nan abin da take tsoro ya iso, ta ruɗe har Mu'minatu ma takan kira ta Inna, a zatonta mahaifiyarta ce. Shafi'u ya koma kotu wai tun wancan lokacin ba ta da hankali. Aka karanta masa rantsuwarsa a bainar jama'a, aka sallame shi ana dariya.

Mu'minatu ta dawo gida da murna, ta durƙusa gaban uwarta. "Inna, kin kada Shafi'u! Kin rama ma Kawu Jumare!"

Tsohuwa ta daɗe tana kallon ta.

"Wane na Jumare?" ta ce.