Robar Madubin Hagu

...robar ce, wallahi robar ce, ba wani abu ba. Ga ta nan tana marmashewa a hannunsa kamar busasshen burodi. Shekara ashirin da shida tana shan rana, ai dole. Roba ta tsage, ruwa ya shiga bayan gilashi, madubin mota ya yi hazo, shi ke nan. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ma ya san wannan. Amma Auta, 'yarsa, wadda shi ya koya wa riƙe cokali, ita ce za ta tsaya a gabansa ta miƙo tafin hannu — "Baba, makullin."

Kwana biyu ya roƙa, ta ba shi. Roƙo fa! Shi da ya yi shekara arba'in yana tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba. Yau ƙarfe huɗu za ta dawo, ta shiga motar ta duba madubin da kanta. In ya washe, makulli ya zauna a aljihunsa. In bai washe ba...

Zai washe. Ina sukundireba?

Ɗan murfin nan na ciki mai kusurwa uku, shi ake fara ɓallewa. A hankali, a naɗe bakin sukundireba da tsumma kar ya kankare fenti, a zura ta ƙasa, a ɗaga kaɗan — ƙas! Maƙali ɗaya ya karye. To, ya karye. Saura biyu, biyu ma za su riƙe, shi ma ai da haƙori nawa yake tauna? Noti uku. Na farko ya fito, na biyu ya fito, na uku ya kafe, tsatsa ta cinye shi, ɗan banza, yau ɗin nan ka ga damar yin taurin kai?

Waccan ƙarar ba irin ta maƙalin nan ba ce. Ta ranar Litinin. Ya sa ribas, ya dubi madubin hagu kamar kullum, babu komai, fari fat, sai ƙurus... ƙarfe yana lanƙwashewa a ƙarƙashin taya. Keken jikarsa. Jan keke mai ƙararrawa. Ta sauka ne ta ɗauki takalminta da ya fita. Taku biyu. Taku biyu tsakaninta da — a'a. A'a. Notin nan dai. A ɗiga masa mai, a jira.

Ba ta ko yi kuka ba, yarinyar. Kallonsa kawai ta yi. Gara a ce ta yi kukan.

"Yana ce a idonka, Baba," in ji Auta a ranar. Shi kuma ya mai da abin wasa, da me zai kare kansa in ba wasa ba? "Yana me? Yana tafe ko yana zaune?" Ba wanda ya yi dariya. Tsohuwa ma, matarsa, da ke yi wa ko tarinsa dariya, juyar da kai ta yi wajen bango.

Ya fito, notin. Alhamdu lillahi. Madubi a cinya, a kankare tsohon gam da farce, a goge gurbin tas, ƙura kaɗan ta rage roba ba za ta kwanta ba. Ruwan sabulu a bakin sabuwar roba don ta yi santsi. Daga kusurwar sama ake farawa, a bi da babban yatsa, a danna, a danna... Hannun nan bai manta komai ba. Ku zo ku gani mana! Wa zai zo?

Talata da Juma'a, wankin ƙodar Tsohuwa. Shi ke kwantar mata da kujerar gaba, ya sa ɗan matashi a bayan wuyanta, ta ce, "Direba, bi a hankali, kayan da ka ɗauko masu fashewa ne." Awa huɗu yana zaune a mota a bakin asibiti. Ba ya iya dafa mata ko ruwan zafi ba tare da ya yi ɓarna ba, ba ya gane magungunanta, wankan ma Auta ke yi mata. Abu ɗaya ya rage masa a jinyar nan, ya kai ta ya dawo da ita. Ɗaya tak. Auta ta ce tasi za ta riƙa zuwa. Tasi! Mai tasi ya san ramin da ke bayan gada, wanda in aka faɗa shi sai ta cije leɓe? Ya san ba ta son a yi mata magana a hanyar dawowa? Shi kuma ya zauna a gida ya zama me — kujera?

Me ya sa robar ba ta zauna ba? Kusurwar ƙasa ta ƙi, ya danna nan ta ɓullo can. Roba sabuwa fil a leda. Cuta ce, jabu aka sayar masa, wallahi gobe sai ya... Tsaya. Guda biyu ne a ledar. Mai kayan gyara ya ce, "Baba, akwai harafi a jiki, ta hagu daban, ta dama daban, ga shi nan ɓaro-ɓaro." Ɓaro-ɓaro a ina? Ya juya ta, ya kai ta rana, ya kawo ta dab da hanci. Baƙi a kan baƙi. Sai da ya shafa da yatsa ya ji ɗan tudun. Rabin awa yana kokawa da ta dama a gurbin hagu.

Rubutun ne suke ƙanƙantawa yanzu. Kowa ya sani. Kowa.

Ta hagun ta shige sumul, kamar tana jiransa. Noti uku, murfi, maƙali biyu, tas, tas. Ya huci gilashin, ya goge da gefen riga har yana ƙara. Aiki ya yi kyau, tsakani da Allah ya yi kyau, ko ɗigon ruwa ba zai sake shiga ba. Tsoro yake ji. Me ya sa yake jin tsoro? Shiga mana, tsoho. Zauna. Kama sitiyari. Duba.

Hazo.

A sake gogewa. Wataƙila danshi ne ya rage a ciki, rana za ta busar, zuwa ƙarfe huɗu... ƙarfe nawa yanzu? Agogon ma ya yi hazo. Yaushe agogo ya sha ruwa?

Kar ka yi. Kar ka — ya riga ya ɗora tafin hannu a idon hagu. Ga ƙofar gida a madubi, tar. Ga bokiti, ga jan keken a jingine da bango, tayarsa a murɗe, har wayoyin yana iya ƙirgawa. Ya mai da hannun kan idon dama. Babu keke. Babu bango. Babu madubin ma, sai fari, fari kamar an zuba madara.

Tun yaushe ya sani? Tun kafin Litinin. Tun kafin... Talata nawa ya ɗauko ta a haka, Juma'a nawa, kayan masu fashewa?

Ana taɓa ƙofa, takun Auta ne. Makullin yana tokarinsa a cinya. Daga tagar ɗaki muryar Tsohuwa, siririya, da ɗan wasan nan nata da ta adana masa: "Direba, hazon ya tafi?"

Hannunsa bai sauka daga idon ba. Bakinsa ya buɗe.

Yana... yana nan.