Amfilifaya Mai Nauyi

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma ba zai fahimtu ba sai na faɗi abin da na kwanta da shi a rai.

Akwai wani kaset a gidanmu. Inna, mahaifiyata, ita ta ɗauki muryarta a ciki shekarar da ta sauke farali, ta aiko wa Baba ta hannun wani alhaji da ya riga ta dawowa. Yau shekara shida da rasuwarta. Kunnen Baba ya yi nauyi, ƙaramar rakoda ba ta isa gare shi, sai an haɗa da manyan lasifikan falo. Amfilifayar da ke tura musu murya kuwa ta ƙone tun bara. Na yi masa alkawarin sabuwa, kuma wata goma sha ɗaya ke nan ina bincike, domin ni ba mutumin da ake cuta a kasuwa ba ne. Mai araha nake nema, amma mai nauyi. Duk wanda ya san kayan sauti ya san da hannu ake zaɓen amfilifaya: ka ɗaga ta, in ta ja ka ƙasa, ta gaske ce.

To, sai ga ni a wata kasuwa da rana tsaka, kaset ɗin yana aljihuna. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsirowa yana tafiya sama, kowa ya kife lemarsa yana taka ta. A bakin ƙofa akwai ofishin ba da izinin saye. Wata akuya ce a kan tebur, da tabarau. Na cike takarda na miƙa mata, ta cinye, ta ce an shigar. Ta tambayi tsawon lokacin da na yi ina bincike, na faɗa mata.

"Madalla," in ji ta. "Irinku muke so. Wanda ya saya ya tafi ke nan, mai bincike kuwa namu ne."

Ta buga mini hatimi a goshi. Na ji daɗi, don an daɗe ba a yaba mini ba.

Sai na ga ina cikin rumfar wani Alhaji Ɗan'azumi. Amfilifayoyinsa a ɗaure suke a turke, an zuba musu dusa. Ya kwance wata 'yar siririya, ya haɗa ta da rakoda da lasifika, na sa kaset. Muryar ta fito tas, har ana jin tarin Inna kafin ta yi sallama. Kuɗinta kuma bai fi ƙarfin aljihuna ba. Na kashe, na ɗaga ta da hannu ɗaya, na ji kamar kwalin ashana. Na ajiye cikin fushi, na ce Alhaji ya dube ni da kyau, bari in ƙara zagayawa.

A tsakiyar kasuwa na tarar da Baba zaune a kan buzunsa. Wani bunsuru mai kaki ya tsaya kusa da shi da kwando. Ya sa ƙafa a kunnen Baba, ya zaro kukan tsuntsaye, ya jefa a kwandon. Ya yi mini bayani cikin ladabi cewa doka ce: duk zagaye ɗaya, sauti ɗaya.

"Tasi'u, kada ka yi gaggawa," in ji Baba. "Kada su cuce ka."

Maganata ce wannan, har da yadda nake jan ta. Na ji kunya kaɗan, na wuce.

Rumfa ta biyu, an rubuta a goshin amfilifayar cewa ƙarfinta wat dubu biyar ne. Aka kunna, fitilu suka kama rawa, ja da kore, ba ko ƙis. Mai rumfar ya ce muryar tana cikin fitilun, masu ilimi da ido suke ji. Na gyaɗa kai don kada a ce ban da ilimi. Na ƙara zagayawa, bunsuru ya zare carar zakara. Na ƙara, ya zare ƙarar buta. Na ƙara, ya zare kiran ladan. Ya leƙa kunnen ya ce saura gurbin murya ɗaya.

A rumfar ƙarshe na same ta. Ƙarti huɗu suka taru ba su motsa ta ba. Zuciyata ta kwanta, ban ko nemi a kunna ba, na biya. Muka mirgino ta har gaban Baba, na haɗa waya, na murɗa maɓalli har ƙarshe. Shiru. Na cire murfin, sai ga dutsen niƙa a ciki, an kafe shi da siminti, aikin tsanaki. Mai kayan bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce nauyi na tambaya, bai ji na tambayi murya ba.

Na lalubi aljihu, babu kaset. A rumfar Alhaji Ɗan'azumi na baro shi. Na ruga, na tarar da turken wayam. Alhaji ya nuna sama da carbinsa. 'Yar siririyar ce ruwa ya ɗauka, ita da rakodar da lasifikar, suna ta hawa, tunda ba ta da nauyin da zai riƙe ta. Tana tafiya tana aikinta. Daga can nesa na ji Inna tana cewa, "Malam, kana jina kuwa?"

Baba ya karkato da kai. "Me ta ce?"

Bunsuru ya matso da kwandonsa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na riƙe masa ƙafa, na ce ya ɗauki nawa kunnen a madadin na Baba. Ya leƙa ciki, ya girgiza gemu.

"Wannan ai ba ya aiki. Wata goma sha ɗaya ana masa magana."

Ya sa ƙafa a kunnen Baba yana juyawa, ƙiƙi, ƙiƙi, ƙiƙi.

Ƙarar ce ta tashe ni. Gari ya waye, kuma daga falo take fitowa. Baba ne zaune tsakanin lasifikan nan biyu, ya zura biro a cikin kaset yana juya shi. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, ina kwana?" Na sake faɗa da ƙarfi. Bara sau ɗaya ya isa. Bai juyo ba sai da na taɓa kafaɗarsa.

Ya yi murmushi, ya ɗaga kaset ɗin. "Juya shi nake yi kada ya manne," in ji shi, "kafin ka samo mai arahar."