Na'urar Tela Ta Ce Lafiya Lau

Tun da tela ya sayo na'urar awon hawan jini, matarsa ta rasa 'yancin cewa kanta na ciwo. Ga tsohon ciki, ƙafafu sun yi suntum, amma da ta ce wash sai ya tashi daga kan keken ɗinki ya ɗaura mata abar a dantse. In fitilar na'urar ta nuna ja, ya ce batir ne, ya sake dannawa. In ta kuma, ya ce ai motsi ta yi. Haka zai yi ta naci har kore ya fito, sannan ya washe baki.

"Kin gani? Garau kike."

"Maigida, wallahi wasu taurari nake gani suna yawo a idona."

"Rashin barci ne. Inji ai ba ya ƙarya."

Kai, mutumin nan! Takaici kamar ya kashe ta. Tsoronta ɗaya, kada ɗan cikin nan ya salwanta ana kallon fitila.

Ranar awo ya biyo ta asibiti, na'urar na cikin leda. Ungozoma ta yi ta kokawa da hannun rigar matar ya ƙi naɗuwa, dole ta farke ɗinkin. Ta ɗaura nata ma'aunin, ta matsa roba da hannu, ta sa abin sauraro a kunne. Fuskarta ta canja.

"Jininki ya hau sosai. Ke da yaron kuna cikin haɗari, gado za mu ba ki yanzu."

"Haba Sista, bari ki gani," in ji tela. Ya ɗaura tasa, sai ga kore.

"Malam, ba kowace irin wannan ke dacewa da mai ciki ba. In jini ya hau ga kumburi, takan rage lamba." Ta ɗaga hannun rigar, ga ƙyalle kan ƙyalle. "Wannan ƙarin fa?"

"Aikinsa ne," in ji matar cikin haushi. Ta juya gare shi. "Kullum ka sa tef ɗin awo a dantsena sai ka ce na ƙaru, ka buɗa rigar. Me ya sa tef ɗin ba ka taɓa ce masa batir ne ba?"

Tela ya sunkuya ya ɗauki guntun ƙyallen da ya faɗo daga hannun rigar. Aka tura matar ɗakin haihuwa a keke, shi kuma aka ce ya jira a waje. Ya zauna a benci da ledarsa, guntun ƙyallen rigar na hannunsa.