Suna Ɗaya Da Ya Rage

"Ku ƙara turawa, har yanzu bishiyar nan ta tare mini hanya," in ji Anti Tafireta.

Ni da Baba Maigadi muka sake ciccibar gadon, ita kuwa tana kwance a kai tana ba da umarni. Sai da muka manna shi da taga, muka jawo teburinta kusa da hannunta, sannan ta ce ya yi. Daga nan tana hango ƙofar makaranta, da kwanar katanga inda yara ke ɓullowa, da mutum-mutumin Uwa Maryamu da fentinsa ya koɗe.

Anti maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba mu a gidajen ma'aikata. Shekara talatin da ɗaya tana sakatariyar firamaren Katolika inda nake koyar da aji huɗu. Ita ke buga takardar Juma'a, falle guda da kowane yaro ke kaiwa gida: wanda aka yi wa baftisma, wanda aka haifa wa ƙani, ranar taron iyaye, rigar sanyin da aka tsinta a filin wasa. Sista Babba ta taɓa sayo mata kwamfuta. Ta yi godiya, ta lulluɓe ta da zani, ta ɗora fure a kai, ta ci gaba da dukan tsohuwar tafiretarta.

A ranar Litinin ɗin nan asibiti suka sallame ta. Likita ya ce a kai ta gida ta huta, kuma duk mun gane irin hutun da yake nufi.

Da Baba ya fita ta ce in buɗe aljihun tebur. Rajista na tarar, da sunayen yaran makaranta kaf, kowane suna da ɗan ɗigon jan biro a gefensa.

"Wannan fa, Anti?"

"Duk yaron da sunansa ya fito a takardar Juma'a ina ɗiga masa. Ba na bari shekara ta ƙare sai kowa ya fito, ko da sau ɗaya ne. Buɗe ajinki."

Shekara tara muna cin abinci a kwano ɗaya, ban taɓa sanin wannan ba. Na buɗe. Suna ɗaya ne babu ja a gefensa, kuma tun kafin in karanta na san ko wace ce. Yarinyar da duk makaranta ke kira 'Yar Latti. Ba ta iya waƙa ba, ba ta gudu, lissafi kuwa sai addu'a. Kullum sai an gama addu'ar safe take shigowa da gwiwoyi duk ƙasa, Sista ta sa ta durƙuso, ni kuma in ƙarasa da faɗa.

"Juma'ar nan ce takarda ta ƙarshe a bana," in ji Anti. "Ba ni abu ɗaya a kanta."

"Sai dai ki rubuta ta fi kowa makara."

"Shekara guda tana gabanki, ƙanwata."

"To ki ce ta taya share coci. Wa zai bincika?"

"Ta share?"

"A'a."

"Shekara talatin da ɗaya ban buga abin da ba a gani ba. Ba zan fara a satin da zan je ba da bayani ba."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ni kunya na ji, da haushi ma. Mutum na fama da numfashi, amma abin da ya dame ta 'yar da ba ta iya jadawalin bakwai ba.

Ranar Talata maganin ciwo ya sa ta barci har rana ta take, ta farka tana fushi da ni kamar ni na haɗa shi. Ranar Laraba da na kawo mata, sai ta kawar da kai.

"Sai an kaɗa ƙararrawa."

"Anti, don Allah. Jikinki fa rawa yake."

"Na ce ki bar ni in ga safiyar nan. Je ki, yaranki na jira."

Na tafi raina a ɓace. Da aka fita hutun tara na dawo da gudu, na same ta sharkaf da gumi, ta riƙe ƙarfen taga, tana murmushi.

"Kin san ƙarfe nawa 'Yar Lattinki ke zuwa? Bakwai da kwata. Ta riga ki."

"To ina take maƙalewa?"

"Ga ta nan a kwanar katanga, inda ba a hangowa daga ƙofa. Ba Sista ta ce duk wanda igiyar takalminsa ta kwance a fitar da shi daga layi ba? 'Yan aji ɗaya sun san wurin. Layi suke yi, ita tana durƙushe tana ɗaure musu. Yau na ƙirga sha ɗaya. Na ƙarshen yana kuka, sai da ta share masa hanci da gefen rigarta."

Gwiwoyin nan masu ƙasa, sau nawa na ce wa yarinyar ƙazama a kansu.

Ta sha maganin, ta ce in saka takarda a tafireta. Yatsunta sun kasa danna haruffan, don haka ni na zauna, tana faɗa ina bugawa da yatsa biyu, tana cewa kaza ma ta fi ni saurin tsattsaga. Layi uku ne kacal. Da muka gama na riƙe mata hannu, ita da kanta ta ɗiga jan biron.

"Rufe rajistar," ta ce. "Bana ta cika."

Ranar Alhamis Fada ya zo ya shafa mata mai, ya yi mata addu'a. Ta cika da rana, daidai lokacin tashi, hayaniyar yara na shigowa ta taga. Ina riƙe da hannunta, kuma na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Da yamma Sista Babba ta ce a ba sanarwar rasuwar shafin gaba ɗaya. Na miƙa mata takardar, na ce saman ya riga ya cika. Ta karanta, ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi.

"Ni na kafa dokar igiyar nan," ta ce a hankali. "Bar shi yadda ta bar shi. Sanarwar ta zo a ƙasa."

Ranar Juma'a na raba takardun. Wasu yaran na sheshsheƙa. 'Yar Latti ta bi layukan da yatsa har sau biyu, sannan ta taso ta tsaya gaban teburina.

"Malama, sunana ne a nan. Laifi na yi?"

"A'a, 'yata. Ni na yi. Kai wa mamanki ta gani."

Ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a cikin safa.

Ranar Litinin aka sa sujadar jana'iza, kuma ranar za a rufe makaranta. Da safe na shiga ɗakin Anti don in rufe taga. Gadon na nan inda muka manna shi, an naɗe katifa. Na leƙa. 'Yar Latti na durƙushe a kwanar katanga, ƙanana uku na jira, kowanne ya miƙo ƙafa. A bakin ƙofa Baba Maigadi ya duba agogo ya ɗaga ƙararrawa, sai Sista ta ɗora hannu a kan damtsensa. Suka tsaya haka, su biyu, suna kallon kwanar, har na ƙarshen ya ɓullo da gudu da igiyarsa a ɗaure.