Jirgin da Murjani Ya Rufe

Alhaji Hassoumi ya sauka daga jirgin ƙasa a birnin Lyon yana maimaita hukuncinsa a zuci: Mutmainna ba za ta je tsibiran Vanuwatu ba. Shi da ya taso a Damagaram, yanzu mazaunin garin Aubervilliers mai sayar da atamfa, bai biya wa 'yarsa karatu don ta riƙa nutso cikin teku ba.

Mutmainna ta tarbe shi da fara'a, ta kai shi ɗakin bincikensu na jami'a kafin ya buɗe baki. A kwamfuta ta nuna masa wani jirgin ruwan soja da ya nutse a gaɓar Vanuwatu lokacin yaƙin duniya na biyu. Murjani ya rufe bindigoginsa, kifaye suna shiga da fita ta tagogi. Alhaji ya gyara gilashi. Shi dai a wuyan mata ya san murjani. Jin cewa abu ne mai rai ya sa ya nemi kujera.

Sai ta kira Guillaume, tsohon masuncin da za ta sauka a gidansa a Vanuwatu. Alhaji ya karɓe wayar don ya ba shi haƙuri cewa ba za ta zo ba, amma ya fara da gaisuwa cikin Faransanci: gida, iyali, gajiya, ruwa. Tsohon ya amsa duka, har ya ƙara nasa. Daga nan ya ce kifin jirgin ne ke ciyar da ƙauyensu tun zamanin babansa, amma ƙarfen ya fara ruɓewa, man da ke ciki yana tsiyaya. Suna buƙatar wanda zai duba, kafin murjanin ya mutu.

"Akwai kifi mai cin mutum?" in ji Alhaji.

"Akwai, amma matata ta fi shi faɗa. Ita za ta kula da 'yarka."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Suka daɗe suna hira a kan ciwon gwiwa da 'ya'yan zamani.

A tasha da yamma, wayarsa ta yi ƙara. Matarsa Hajiya ce, tana jiran ta ji yadda ya hana yarinyar. Ya dubi wayar, ya mayar aljihu.

"Ki tafi, Allah ya tsare," ya ce wa Mutmainna. "Amma in mamarki ta tambaye ki, ki ce na yi faɗa sosai."