Gurbi Ɗaya

Yayanta bai ko zauna ba. A tsaye ya ajiye takardun ɗansa a kan teburin ofishinta, ya danne su da tafin hannu kamar iska za ta kwashe.

"Auta, an ce ke ce shugabar masu tantancewa. Yaron nan tun da ya gama karatu yake zaune a gida. Ko sai na durƙusa miki?"

Dakta ta sunkuyar da kai. Yayan nata bakanike ne, kuma da guminsa ta yi karatu bayan rasuwar mahaifinsu. Gurbin kuwa ɗaya ne tak: manajan da zai tafiyar da binciken da take jagoranta a jami'a, na na'urorin gwada tsabtar ruwan rijiyoyi.

"Yaya, ya shiga kamar kowa. In aka zo kansa ma ni fita zan yi daga ɗakin."

"Kamar kowa," ya maimaita, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ashe mu ma kowa ne."

* * *

Ranar ganawa masu neman aiki suka cika baranda, wasu a kan benci, wasu jingine da bango. Ɗan yayanta ya shiga, ta fita, ya yi iya yinsa. Amma wadda ta tafi da hankalin kowa wata mai jego ce da ta bar jaririnta a hannun mahaifiyarta a bakin ƙofa. Ta taɓa kula da aikin tonon rijiyoyi a ƙauyuka, ta san yadda ake lallashin mai unguwa da yadda ake tsare ɗan kwangila. Baki ya zo ɗaya a kanta.

Washegari shugaban tsangaya ya kira Dakta, har da sa a kawo mata shayi.

"An yi waya daga sama. Surukin wani babba za a ba."

"Ranka ya daɗe, ai ko ganawar bai zo ba."

"Wannan ba damuwarki ba ce. Ki sa hannu kawai. Na ji ɗan yayanki ma yana nema, ko? Akwai wuri a sashen kwamfuta. Kin ga kowa ya samu."

Ta dubi kofin shayin. A ranta ta hango Yaya yana murmushi, yana sa mata albarka. Sai kuma ta hango tsohuwar nan tana jijjiga jikanta a baranda, tana leƙen ƙofa.

Ta ture shayin gefe. "Hannuna ba zai hau ba."

Kafin mako ya ƙare an cire ta daga kwamitin, mataimakinta ya sa hannu. Ta kai ƙara majalisar jami'a, aka ce za a duba. Ta koma, aka ce mai dubawar ya yi tafiya. Ta ce za ta dawo.

* * *

Labarin tayin da ta ƙi ya riga ta isa gida. Ta iske Yaya a gareji, kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

"Yaya, sannu da aiki."

Ƙarar sifana ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Ta jawo wata tsohuwar taya, ta kakkaɓe ƙurar, ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.