Kwanon Sauraron Rana

Dokta Mas'ud ɗan Gummi ne, amma a jami'a yake aiki, yana nazarin ƙarar da taurari ke aikowa duniya. Ya ce rediyo ce irin tasu, tun kafin a yi ɗan Adam suke watsa ta. Da damina ta tsaya ya zo makarantar 'yan mata da ke kan hanyar Bukkuyum da tsohon kwanon dish a bayan mota. Shi da Malama Lubabatu, mai koyar da kimiyya, suka kafa shi a tsakar fili, suka ja waya zuwa wata 'yar akwati mai lasifika. Da suka juya kwanon ya fuskanci rana, sai lasifikar ta hau shuuu kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. 'Yan matan suka yi ta ihu. Ya koya wa Malama yadda ake auna ƙarar kullum da hantsi, ya koma.

Cikin makon nan jirgin soja ya yi ruwan wuta a dajin da ke bayan Adabka. Kafin ranar kasuwa magana ta zaga: kwanon makaranta ne ya kira jirgin.

Shugaban makaranta ya ce a sauke shi. Da yamma kuma ya sake shawara, ya ce in an sauke yanzu kamar an amsa laifi ne. Sai aka bar shi yana kallon sama.

Ranar Laraba, Malama Lubabatu na tsaka da awo, babur ya shigo har fili. Kamalu ne, maƙwabcinsu na dā, wanda kowa ya san yana kai wa mutanen daji burodi da fetur, ba kuma mai faɗa. 'Yan matan suka ja baya.

"Malama, barka da aiki."

"Barka, Kamalu. Inna na lahiya?"

"Lahiya lau. Manya na gaishe ki." Ya ƙwanƙwasa kwanon da makullin babur. "Wanga shi na abin?"

"Rana kawai yaka ji. Zo ka saurara da kunnenka."

Ya duƙa ya saurara, ya daɗe. Ta juya kwanon gefe, ƙarar ta faɗi. Ta mayar, ta tashi.

"Ikon Allah," ya ce. "To abin da ya ji rana can nesa, jirgi da ke nan kusa za ya gagare shi?"

"Ba haka aikinsa yake ba."

"Ni kika hwaɗa ma haka. Su ba su ce a fasa shi ba, Malama, so sukai. Ki zo ki kafa musu, in jirgi ya taso ya shaida musu."

"In na ƙi?"

Ya juya yana kallon 'yan matan da suka taru a inuwar darbejiya, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake duban awaki a kasuwar kara.

Ta yi tunanin ranar da jirgi zai dawo kwanon bai ce komai ba. Ta yi tunanin sojojin da ke shingen hanya in suka ji inda ta je. Sannan ta kira Basma, shugabar aji.

"Ku tai gida. Ku bi ta gari, kada ku bi ta gona."

Ta jira har hijabin ƙarshe ya fita ƙofa. Sannan ta cire wayar daga akwatin, ƙarar ta ɗauke, ta fara naɗe ta a hannu.

"Babur ɗinka za ya ɗauki kwanon?"

"Da ke duka," in ji Kamalu.